Karatun Jinya a Amurka: ADN, BSN ko LPN, Wanne Ya Cancanci Kuɗinku?

Lasisin cikakken ma'aikacin jinya a Amurka, wanda ake kira RN, iri ɗaya ne ko ta wace ƙofa mutum ya shigo. Wanda ya yi digirin shekara huɗu da wanda ya yi na shekara biyu, jarrabawa ɗaya suke zaunawa, wato NCLEX-RN. Kuɗin rajistarta dala 200 ne, tambayoyinta daga 85 zuwa 150, cikin awa biyar. Hukumar kula da aikin jinya ta jiha ita ke ba da lasisi, kuma ba ta rubuta "na shekara biyu" ko "na shekara huɗu" a jikinsa. A nan ya kamata 'yan'uwanmu da ke Bronx, Houston, Greensboro da sauran garuruwa su fara lissafi kafin su sa hannu a takardar kowace makaranta.

Hanyar da muka fi ba da shawara ga mai iyali, mai aiki, mai aika kuɗi gida duk wata, ita ce digirin ADN a kwalejin gwamnati ta shekara biyu. Wasu kwalejojin suna kiransa ASN, wasu AAS, duk abu ɗaya ne wajen neman lasisi. Ba sabon abu ba ne: wata malamar jinya mai suna Mildred Montag ce ta tsara shi a jami'ar Columbia a farkon shekarun 1950, lokacin da asibitocin ƙasar ke fama da ƙarancin ma'aikata bayan yaƙin duniya na biyu. Kiredit, wato ma'aunin awannin darasi, 60 zuwa 72 ne gaba ɗaya. Matsakaicin kuɗin makaranta a irin waɗannan kwalejoji, ga mazaunin yankin, yana wajen dala 4,000 a shekara. A kwalejojin CUNY na birnin New York, irin su Hostos da Bronx Community College, dala 4,800 ne a shekara ga mazaunin birnin. Ɗan ƙasa ko mai girin kad zai iya cika FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ya nemi tallafin Pell, wanda mafi girmansa ya kai dala 7,395 a shekara, kuma ba bashi ba ne, ba a biyansa. Ke nan mai ƙaramin ƙarfi zai iya gama karatun ba a binsa ko sisi.

Sai dai "shekara biyu" ɗin nan da ake faɗa, daga ranar da aka karɓe ku cikin sashen jinya ake ƙirgawa. Kafin nan akwai kwasa-kwasan share fage da ke cin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ku ɗauka shekara uku ce ko uku da rabi, ku tsara rayuwarku a kan haka.

BSN, wato digirin farko na jinya na shekara huɗu, mai kiredit wajen 120, ya dace da yaron da ya gama sakandare a can kuma ya samu tallafi mai kauri. Magidanci mai tuƙi da dare, nauyinsa zai yi masa yawa. BSN na gaggawa, mai wata 12 zuwa 18, na wanda ya riga ya mallaki digirin farko ne kuma yake da abin da zai ci ba tare da aiki ba, don ba ya barin lokacin neman kuɗi. LPN, lasisin jinya da ke ƙasa da RN, wanda California da Texas ke kira LVN, shekara ɗaya ne, amma albashinsa ƙasa yake sosai: a 2023 matsakaicin albashin RN dala 86,070 ne a shekara, na LPN kuwa 59,730, kuma kaso mafi girma na guraben aikinsa a gidajen kula da tsofaffi yake. Wanda ya matsu da kuɗi zai iya bi ta nan ya haura daga baya. Makarantun 'yan kasuwa masu tallan "babu jira, fara wata mai zuwa" kuwa, za mu dawo kansu.

Wadda ta riga ta yi makarantar jinya a Najeriya, Gana ko Nijar, kada ta yi gaggawar komawa aji ɗaya. Jihohi da yawa suna barin wanda ya yi karatu a waje ya zauna NCLEX bayan an tantance takardunsa ta hannun CGFNS, hukumar tantance takardun ma'aikatan jinyar da suka yi karatu a waje (wadda yanzu ake kira TruMerit), ko wata hukuma da jihar ta amince da ita. A fara tambayar hukumar jihar tukuna.

Kwasa-kwasan share fage

A nan ake cin gurbi, a nan kuma ake rasa shi. Shiga kwalejin kanta ba wuya, kusan duk mai takardar sakandare ana ɗaukarsa. Shiga sashen jinya shi ne aiki, domin masu nema sun ninka kujeru, kuma yawancin kwalejoji da maki suke jera mutane, daga sama a yanko adadin da ake so.

Manyan kwasa-kwasan uku ne: Anatomi da Fiziyoloji na ɗaya, na biyu, sai Maikurobayoloji, wato ilimin ƙwayoyin cuta. Kowanne kiredit huɗu ne, haɗe da aikin ɗakin gwaje-gwaje. A gefensu akwai rubutun Turanci, ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin girman mutum daga haihuwa zuwa tsufa, da lissafi ko ƙididdiga. Wasu kwalejojin suna ƙara Kemistiri da ilimin abinci mai gina jiki. Takardar makaranta za ta ce ana karɓar C. Gaskiya ne ana karɓa, amma a lissafin maki A huɗu ce, B uku, C biyu, kuma wanda ya tara C a kwasa-kwasan kimiyya da wuya sunansa ya kai layin da ake yankewa. Ku nemi A a Anatomi, ko da hakan zai sa ku rage awannin aiki na wata huɗu.

Kada a raina Anatomi na ɗaya. A jarrabawar ɗakin gwaji ana jera ƙasusuwa da gumakan roba da na'urorin hangen ƙananan abubuwa a kan tebura, an manna ɗan tef mai lamba a wani lungu na ƙashi. Ɗalibi yana da kamar minti ɗaya ko biyu ya rubuta sunan wurin da haruffansa daidai, a buga ƙararrawa ya matsa teburin gaba. Ƙasusuwan babban mutum 206 ne, ga tsokoki, ga jijiyoyin kai goma sha biyu. Karatun littafi kaɗai ba ya fitar da mutum. Sai an riƙa zuwa ɗakin gwajin a lokutan da ake buɗe shi don bita, a ɗauki ƙashin a hannu, a juya shi.

Jerin da ya fi lafiya ga mai aiki: zangon farko Turanci, lissafi da halayyar ɗan Adam, tare da Bayoloji ko Kemistiri idan kwalejin ta sa su sharaɗin shiga Anatomi. Zango na biyu Anatomi na ɗaya da kwas ɗaya mai sauƙi. Na uku Anatomi na biyu. Maikurobayoloji ya zo shi kaɗai ko a haɗa shi da abu mara nauyi. Haɗa kimiyya biyu masu ɗakin gwaji a zango ɗaya, ga aikin dare, shi ne abin da ya fi kayar da mutane, kuma yin su a gajeren zangon bazara na mako shida ko takwas ma haka yake.

Dokoki uku ne ba a cika karantawa ba sai sun ciji mutum. Na farko, kwasa-kwasan kimiyya suna tsufa: kwalejoji da yawa ba sa karɓar wanda ya wuce shekara biyar, wasu bakwai. Na biyu, iyakar maimaici: sau da yawa sau biyu kawai ake yarda a gwada kwas, kuma a wasu wuraren ko janyewa aka yi aka samu W, an ƙirga ta gwaji ɗaya. Na uku, ba kowane sashen jinya ke karɓar ɗakin gwajin da aka yi ta intanet ba. Maganin duka ukun shi ne a yi share fagen a kwalejin da ake son shiga sashen jinyarta, a kuma karanta kundin ɗaukar ɗalibai na sashen da kansa, na wannan shekarar, ba abin da wani ya ce ya yi shekara huɗu da suka wuce ba.

Sai jarrabawar shiga. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce TEAS, tambaya 170 cikin minti 209, a kan karatu, lissafi, kimiyya da nahawun Turanci. Wasu suna amfani da HESI A2. A zauna ta bayan an gama Anatomi na biyu, lokacin da ilimin ke sabo a ka, domin akan iyakance yawan zaman da za a yi a shekara. Mai takardun gida, WAEC ko NECO ko na jami'a, zai buƙaci a tantance su ta WES, ECE ko wata hukuma da ke cikin ƙungiyar NACES. Idan ana son a ɗauke wa mutum wasu kwasa-kwasai, sai a nemi tantancewar kwas-bayan-kwas. A tambayi kwalejin wacce take karɓa kafin a biya.

Inda ake cutar mutane

Wannan ɓangaren ya fi duk na sama muhimmanci. A watan Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bayyana binciken da suka sa wa suna Operation Nightingale. Makarantu uku a kudancin Florida sun sayar da takardun kammala karatun jinya na bogi sama da 7,600, kowacce a kan dala 10,000 zuwa 15,000. An gurfanar da mutum 25 a zagayen farko. Waɗanda suka saya ba su shiga aji ba, ba su yi horon asibiti ba, takarda kawai aka buga musu da kwanan wata na baya don su samu damar zama NCLEX. Wasu sun ci jarrabawar, sun fara aiki, sun sayi gida. Da aka miƙa sunayen ga hukumomin jihohi, aka shiga ƙwace lasisi, kuma 'yan Afirka ta Yamma na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Kuɗin ya tafi, aikin ya tafi, sunan mutum ya shiga kundin hukunci da kowane asibiti ke iya dubawa, kuma laifin zamba na iya lalata neman zama ɗan ƙasa. Ga kuma haƙƙin majinyacin da aka sa a hannun wanda bai taɓa koyon auna magani ba.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Dillali ne a WhatsApp, sau da yawa ɗan gari ne da aka yarda da shi. Yana son kuɗi a hannu ko ta Zelle zuwa asusun mutum, ba na makaranta ba. Yana cewa aikin da kuka yi na kula da tsofaffi ya wadatar a madadin horon asibiti. Makarantar tana wata jiha da ba ku taɓa takawa ba. Abin da zai koyar da ku kawai shi ne dabarun cin NCLEX. Duk inda aka ce za a ba ku RN cikin wata shida ba tare da kun tsaya a gefen gadon majinyaci ƙarƙashin malami ba, ku tashi ku bar wurin, ko wane ne ya kawo ku.

Akwai kuma makarantun da ba na bogi ba ne amma suna da haɗari. Wasu na 'yan kasuwa suna karɓar dala 40,000 ko fiye a kan ADN ɗin da kwalejin gwamnati ke bayarwa a kan kaso kaɗan na wannan. Lokacin da wata makarantar 'yan kasuwa mai suna ITT Tech ta rufe a watan Satumban 2016, ɗaliban jinyarta sun wayi gari da bashi da kiredit ɗin da makarantu da yawa suka ƙi karɓa. Don haka abu huɗu za a duba kafin a biya ko kuɗin fom, kuma duka a shafin hukumomin, ba a shafin makarantar ba. Sunan shirin jinyar makarantar yana cikin jerin da hukumar jinya ta jihar ta amince da su, kuma ba a sa shi ƙarƙashin gargaɗi ba? ACEN ko NLN CNEA, hukumomin tantance ingancin karatun jinya, ta tantance shi? Wata hukumar irinsu, CCNE, daga digirin farko zuwa sama take dubawa, saboda haka makarantar da ta nuna tambarinta a kan ADN ba ta amsa tambayar ba. Ita kwalejin kanta tana da tantancewar hukumomi irin su Middle States, SACSCOC ko HLC, waɗanda jami'o'i ke karɓar kiredit ɗinsu? Kashi nawa na ɗalibanta ke cin NCLEX a zaman farko? Hukumomin jihohi suna wallafa wannan duk shekara, kuma ƙasa da 80 cikin 100 abin tsoro ne. A ƙara da tambayar mutum nawa ke gamawa cikin waɗanda suka fara, domin makaranta na iya korar rabin aji don adadin masu cin jarrabawarta ya yi kyau.

ADN ma yana da nasa rauni, kuma ba za mu ɓoye ba. Manyan asibitocin birane, musamman masu lambar yabo ta ingancin aikin jinya da ake kira Magnet, sun fi son mai BSN. Jihar New York ta kafa doka a Disambar 2017 cewa sabon RN ya samu BSN cikin shekara goma da karɓar lasisi. Amma wannan ba ya rushe lissafin: cikon karatu daga RN zuwa BSN ana yinsa ta intanet cikin shekara ɗaya zuwa biyu, mutum na karɓar albashin nas, kuma asibitoci da yawa suna biyan wani kaso na kuɗin. Kwalejojin Maricopa a Arizona ma suna barin ɗalibi ya haɗa biyun a lokaci ɗaya.

Da zarar takardar karɓa ta zo, wa'adin kawo takardun lafiya gajere ne. Za a nemi binciken tarihin laifi, gwajin ƙwaya, shaidar BLS, wato horon ceton rai na gaggawa, ta American Heart Association, da rigakafin ƙyanda, ƙarambau, Tdap (tetanus, mashaƙo da tarin shiƙa), mura da ciwon hanta nau'in B. Wanda katin rigakafinsa na yarinta ya ɓata a gida, gwajin jini zai nuna ko yana da kariya. Allurar ciwon hanta ta gargajiya sau uku ce cikin wata shida, don haka a fara ta tun ana Anatomi na biyu. Kuma tunda yawancinmu an yi mana BCG, rigakafin tarin fuka, muna jarirai, gwajin tarin fuka na fata yakan kumbura ko babu cutar. A nemi gwajin jini na QuantiFERON ko T-SPOT tun farko, don kada jiran hoton ƙirji ya sa a ba wani kujerar.