Motar Lome ko ta hannu a Yamai?

Motar da aka sauke a tashar jirgin ruwan Lome galibi injinta bai sha ƙurar Sahel ba, amma ga kuɗin duwan, ga doguwar hanya ta Burkina Faso. Kuma ka sa bakanike ya leƙa ƙarƙashinta: wasu na cire tukunyar tace hayaƙi saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki, su liƙa bututu kawai.

Ta hannu kuwa ta fi araha, takardunta na nan. Ka je da sassafe a tayar da ita gabanka. Shuɗin hayaƙi, inji na shan baƙin mai ne, gyaran da tsada; baƙin hayaƙi, wataƙila matatar iska ce ta toshe.

Ni dai ta hannu nake zaɓa, muddin mai ita ya yarda mu kai ta bizit teknik, inda ake duba lafiyar mota, kafin in biya.