Ragar kare fitila ta wani shagon walda a Guider

Duk wanda ya tashi a Guider, a arewacin Kamaru, ya san cewa ɓarnar yara tana da lokacinta, kuma ta fi tsananta a dogon hutun makaranta, daga watan Yuni zuwa farkon Satumba. A da abin bai wuce rubutun gawayi a bangon makaranta, da jifan mangwaron mutane, da harbin ƙwan fitila da danƙo ba. Da masu sayen tsohon ƙarfe suka fara zagaya unguwanni, sai kawunan famfo suka soma ɓacewa, yanzu kuma ido ya koma kan fitilun sola.

Wannan ne ya sa kwamitin masallacinmu ya ba wani mai walda da ke kusa da babbar kasuwa aikin kare fitilu da famfon alwala. Aikinsa ya nuna cewa ya san yadda yaran garin nan suke ɓarna. Ya zaɓi raga mai ƙananan idanu wadda tsakuwar danƙo ba za ta ratsa ba, sannan ya bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da gilashin, domin ko dutse ya lotsa ragar kada ya kai ga fitilar. Notunan kuwa ya ɗiga musu walda yadda sifana ba za ta kwance su ba. Abin da ya fi burge ni shi ne akwatin famfon, wanda ya ɓoye kwaɗonsa a ƙarƙashin wani leɓen ƙarfe, inda hannu yake shiga da makulli amma guduma ba ta samun wurin sauka.

Sai dai fentinsa bai kai ƙarfensa ba. Shafa ɗaya ya yi, ba tare da jan fentin hana tsatsa a ƙasa ba, kuma ruwan Agusta ya riga ya fito da tsatsa a mahaɗan waldar. Ba shi da janareto, saboda haka idan aka ɗauke wuta aiki ya tsaya, alkawari kuma ya saɓa.

Kuɗinsa ya ɗara na maƙwabtansa kaɗan, amma a ganina ya cancanta, tun da ya hutar da mutum zuwa Garwa, babban birnin yankin, neman irin wannan aiki. Wanda zai kai masa aiki ya sayi jan fentin da kansa, ya kuma tsaya a shafa shi a gabansa kafin a ɗora ragar.