Akwatin gwajin leza mai madubi biyu: abin da na gani bayan zangon karatu guda a Birnin Kebbi

Na sayo wannan akwatin gwaji ne daga wani dillalin kayan kimiyya domin ɗalibaina na fiziks, kuma yanzu da na kammala zangon karatu guda ina amfani da shi, ina ganin ya cancanci kuɗinsa saboda gwaji guda ɗaya da yake iya yi.

A cikinsa akwai leza mai iskar hiliyam da niyon wadda take fitar da jan haske mai tsawon zango (wato tazarar da ke tsakanin tozon igiyar haske da na gaba) nanomita 632.8 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), da madubai biyu masu fuskantar juna bisa tsarin da masana fiziks Fabry da Pérot suka ƙirƙiro a Faransa a 1899, da kuma ƙaramin bututun gilashi mai famfon hannu. Idan aka daidaita madubin, haske yana kai da komo a tsakaninsu, sai zobba ja su bayyana a kan allo. Da na sanya bututun a tsakani na sa wata ɗaliba ta riƙa zuƙe iskar da ke ciki, sai zobban suka fara shigewa tsakiya ɗaya bayan ɗaya, ajin ya yi tsit, ita kuwa tana ƙirga su da ƙarfi ba tare da kowa ya taɓa madubi ba.

Wannan shi ne tushen wata hanya da masana suke bi wajen duba ƙwayoyin zarra masu tsananin sanyi. A 1995 masana fiziks Eric Cornell da Carl Wieman sun sanyaya ƙwayoyin zarra na sinadarin rubidiyam a Kolorado ta Amurka zuwa kusan nanokelbin 170, wato dab da iyakar sanyi da babu abin da zai iya wuce ta, har ƙwayoyin suka taru a hali guda na kwantam, wato suka zama gajimare guda mai aiki kamar abu ɗaya. Hanyar da aka saba bi wajen duba irin wannan gajimare ita ce a sake shi ya bazu sannan a ɗauki hotonsa, wanda hakan yake lalata shi. Amma idan aka ajiye shi tsakanin madubai biyu, kamar yadda rukunin Tilman Esslinger ya yi a Zurik ta Suwizalan a 2007, ƙwayoyin suna sauya zangon hasken da kogon, wato sararin da ke tsakanin madubin, yake karɓa, don haka ɗan hasken da yake tsiyayowa ta madubi yana ɗauke da labarin yawansu da yadda suka jeru, alhali gajimaren yana nan. Iskar da ke cikin bututunmu ba ta da sanyi ko kaɗan, amma ita ma ta wannan hanya take motsa zobban.

Akwatin yana da aibi, kuma ba zan ɓoye ba. Bai zo da murfin da zai kare madubai ba, kuma a lokacin hunturu ƙura takan dusashe zobban cikin kwana biyu, sai da na sa tela ya ɗinka masa riga. Ƙafafunsa ba sa shanye girgiza, ta yadda da zarar an tayar da janareta a bayan ɗakin gwaji sai zobban su riƙa rawa, har sai da muka ɗora shi a kan tiren yashi. Takardar bayaninsa kuwa ba ta gargaɗi mai amfani da kada ya goge madubin da tsumma ba, ga shi kuma babu madubin canji a ciki. Malamin da zai saya ya nemi dillali ya haɗa masa da takardar goge gilashi tun kafin ya biya.