Kafin ka sayi adaftar tsohon disk dur: 133, 480 ko 5, wanne ya fi gudu?

Ran nan wata Hajiya mai shagon buga takardu a nan Yamai ta kawo mini disk dur ɗin tsohuwar kwamfutarta naɗe cikin kallabi. Kwamfutar ta mutu, amma aikin shekara goma yana cikin faifan. Ta riga ta zaga Katako, an nuna mata adafta biyu, ɗaya an rubuta 480, ɗaya 5. Ta ce, "Ɗana, ai mai 480 ya fi ko?" Na ce, "A'a Hajiya, mai biyar ɗin ya ninka shi sau goma." Abin da ya rikita ta yana rikita mutane da yawa, domin lambobin ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Mu a Nijar mun saba da Mo da Go wajen sayen intanet a waya. Mo shi ne MB mai babban B. Wanda ake rubutawa da ƙaramin b, wato Mb ko Mbit, daban ne: bit takwas ke yin oktet ɗaya, wato o ɗin da ke cikin Mo. Don haka ka mayar da kowace lamba zuwa Mo a daƙiƙa kafin ka kwatanta.

Tsohon bakin haɗa faifai da kwamfuta, wato IDE ko ATA, mai haƙora 40 da waya mai faɗi kamar ɗamara, ba ya wahalarwa. ATA/33, ATA/66, ATA/100 da ATA/133 duk Mo ne a daƙiƙa kai tsaye. Idan ka ninka da takwas, ATA/100 ya zama megabit 800, ATA/133 kuma 1064. Ka ga ashe 133 ɗin ya fi megabit 480 na USB 2.0 nesa, tunda 480 idan aka raba shi takwas Mo 60 ne, a aikace ma da wuya ya wuce 35 zuwa 40.

SATA, bakin da ya maye gurbin IDE, da USB 3.0 suna da nasu lissafi. Kowane bit takwas na bayanai ana tura shi ne a cikin bit goma, saboda haka da goma ake rabawa. SATA na farko, wanda ya fito a 2003, gigabit 1.5 ne, wato Mo 150. Na biyu Mo 300, na uku Mo 600. USB 3.0 mai gigabit 5 ya kama Mo 500.

To wanne za a saya?

Adaftar USB 2.0 ita ce mai araha, kuma ban raina ta ba. Faifan Hajiya Go 80 ne. A kan Mo 35, kwashe shi duka zai ci kamar minti 40, ko fiye idan ƙananan takardu ne dubbai, domin su ne ke jan lokaci. Wanda faifai ɗaya gare shi, zai kwashe sau ɗaya ya ajiye, wannan ta ishe shi.

Adaftar USB 3.0 mai bakin IDE da na SATA ita nake ba mai gyara shawara ya saya, ko mai studiyon hoto da ke da tarin tsofaffin faifai. Amma kada wani ya yi maka alƙawarin Mo 500. 133 ɗin da ke jikin faifai faɗin hanya ne, ba gudun mai tafiya ba. Faifan wancan zamani da kansa yawanci tsakanin Mo 30 zuwa 60 yake bayarwa, kuma yana raguwa idan allura ta kusanci tsakiyar faranti. Ribar USB 3.0 a kan irin wannan faifai ita ce ta bar shi ya yi iya gudunsa, minti 40 ya koma 25 ko makamancin haka. Inda za ka ga amfaninta sosai shi ne ran da ka haɗa ta da SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri wadda ba ta da faranti mai juyawa. Ka kuma duba kwamfutarka: idan ba ta da ramin USB 3.0, wanda galibi shuɗi ne a ciki, adaftar za ta koma gudun 2.0, kuɗin ƙarin ya tafi a banza.

Akwai ƙaramin allo da ke mayar da IDE zuwa SATA a cikin babbar kwamfuta. Yana aiki, sai dai wasu faifan ba sa jituwa da shi, ni ban cika son sa ba. Tsohuwar kwamfuta mai rai da bakin IDE ta fi shi aminci, muddin wayar mai silli 80 ce. Da mai silli 40, gudu yana tsayawa a Mo 33 ko da faifan ATA/133 ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba gudu ba ne, wuta ce. Babban faifai mai inci 3.5 yana buƙatar bolt 12, USB kuwa bolt 5 yake bayarwa, don haka adaftar da ba ta zo da cajarta ba ba za ta juya shi ba. Na ƙaramar kwamfuta haƙora 44 gare shi, ka ƙirga kafin ka biya. A lokacin zafi da ake yawan ɗauke wuta, kada ka fara kwashe tsohon faifai sai da na'urar riƙe wuta, ka kuma sa masa fanka. Faifai mai shekara ashirin yana iya tashi yau ya ƙi tashi gobe, shi ya sa nake fara kwashe abin da ya fi muhimmanci.

Hajiya mai 480 ɗin ta saya a ƙarshe, mai haɗe da caja, domin kwamfutar shagonta ba ta da shuɗin rami. Muka mayar da ɗan maɓallin bayan faifan kan matsayin masta, wato faifai na farko a kan waya, ya yi ƙara sau biyu ya tashi. Muka fara da takardun kwangila kafin hotuna.