Tsohuwar tashar lantarki ta Battersea: kuɗin tikiti bai tafi a banza ba

Tun da na dawo Sakkwato daga Landan 'yan majalisarmu ta Mabera ke damuna da tambaya ko ziyarar tashar Battersea ta cancanci kuɗin tikitinta, to ga amsa. Tashar tana bakin kogin Thames a Landan, da kwal take aiki. An rufe ta a 1983, ta zama kango, sai a 2022 aka buɗe ta cike da shaguna. Shagunan dai ba su ɗaɗa ni da ƙasa ba. Abin zuwa shi ne lif na gilashi da aka buɗe da sunan Lift 109, mai hawa ta cikin bututun hayaƙi, kwatsam ka ɓullo sama, mita 109, gari shimfiɗe ƙarƙashinka. Wallahi har gwiwoyina suka yi rawa! Ka sayi tikiti ta intanet, kuma ka guji ranar hazo.