Kafaɗar ƙarfe: wacce ce za ta kama ƙashi ta zauna?

Ranar da aka turo wa kawuna takardar farashin tiyatar sauya gaɓar kafaɗa daga wani asibiti a Indiya, layi biyu ne a ciki, kowanne da kuɗinsa. Kawu ya ɗora yatsa a kan mai tsadar ya ce, "Wannan za a sa mini, ai araha ba ta ado." Na ce, "Kawu, bari mu fara jin abin da ke cikin kafaɗar taka tukuna." A wannan ciniki farashi ba ya gaya maka wacce za ta zauna daram da wacce za ta fara rawa bayan shekara biyar. Ƙashinka da jijiyoyinka ne suke yanke hukunci.

Gaɓar kafaɗa ƙwallo ce da gurbi. Ƙwallon shi ne kan ƙashin damtse, gurbin kuwa ɗan fili ne marar zurfi a gefen allon kafaɗa, tsawonsa bai cika wuce santimita huɗu ba, kuma ƙashin da ke bayansa kaɗan ne. Ƙarfen da ake sawa a ɓangaren damtse ba kasafai yake saki ba, domin akwai wurin kamawa. Gurbin nan shi ne inda gizo ke saƙar, kuma a kansa ya kamata yawancin tambayoyinka su tsaya.

Hanya biyu ake kafa kayan a ƙashi. Ta farko siminti, wanda ba na gini ba ne: gari ne da ruwa na dangin roba, ana kwaɓa shi a ɗakin tiyata ya daskare cikin kamar minti goma zuwa sha biyar. John Charnley ne ya yaɗa shi a Ingila wajen 1960, a tiyatar ƙugu. Ba gam ba ne. Kutsawa yake yi cikin ƙofofin ƙashi ya cike giɓi, shi ya sa yake riƙewa tun ranar farko ko da ƙashin ya yi laushi saboda tsufa. Aibinsa sai ranar da za a cire shi, domin yakan tafi da ƙashi mai kyau. Hanya ta biyu ba siminti: ana dasa ƙarfen titaniyam mai kaushi da ƙananan ramuka, a matse shi, ƙashi ya tsiro a ciki cikin mako shida zuwa sha biyu. Idan a wannan tsakani ƙarfen yana motsi fiye da kaurin silin gashi biyu, nama ne zai tsiro maimakon ƙashi, kuma nama ba ya riƙe ƙarfe. Ya kamata mai shan sigari da wanda sukarinsa bai daidaita ba su sani cewa wannan tsiron ne suke ragewa ƙarfi.

Layi biyun takardar kawu kuwa tsari biyu ne. Akwai mai bin halitta, wanda Charles Neer ya daidaita a New York a shekarun 1970: ƙwallon ƙarfe a damtse, faifan roba mai tauri a gurbi. A nan siminti ne sarki. Faifan da yake roba zalla aka kafa shi da siminti shi ne ya fi dogon tarihi mai kyau, yayin da waɗanda aka yi wa bayan ƙarfe don a guje wa siminti suka fi komawa tiyata, kamar yadda rajistar gaɓoɓi ta ƙasar Ostireliya ta nuna. Faifan yakan zo da ƙananan turaku a bayansa ko da ƙafa ɗaya mai faɗi, kuma likitoci da yawa sun fi son mai turakun.

Amma sharaɗinsa babba ne. Akwai jijiyoyi huɗu da suka rungume kan damtse suna riƙe ƙwallon a tsakiyar gurbi. Idan sun yage, ƙwallon zai riƙa hawa sama yana danna bakin faifan, ya sauko ya danna ɗaya bakin. Duk wanda ya ga akuya tana jan turkenta gabas da yamma har ya tumɓuke ya san ƙarshen labarin. Hoton jijiyoyin kawu ya nuna lafiyarsu ƙalau, guringuntsi ne kawai ya cinye, sai ga shi layin mai sauƙin kuɗi ne nasa.

Na biyun shi ne juyayye, wanda Paul Grammont ya ƙirƙiro a garin Dijon na Faransa a 1985, Amurka kuma ba ta amince da shi ba sai 2003. Ana mayar da ƙwallon jikin allon kafaɗa, gurbin ya koma damtse, babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa ta karɓi aikin jijiyoyin da suka mutu. Gindin ƙwallon ba ya son siminti. Da sukurori ake ɗaure shi, sannan ƙashi ya tsiro ya kama, kuma riƙonsa yana da kyau ƙwarai. Yanzu a Amurka shi aka fi sawa. Ga dattijon da jijiyoyinsa suka tafi, ko wanda kan damtsensa ya farfashe, ba ni da ja. Sai dai a gaya maka gaskiya kafin ka sa hannu: kai hannu baya yakan yi wuya da shi. In kafaɗar hagu ce, maganar tsarki ke nan, ga mata kuma har da ɗaurin zane. Ƙashin da ke rufin kafaɗa yakan tsage a wasu saboda sabon nauyin da ya hau kansa, kuma gefen robar da ke cikin sabon gurbin yakan goge allon kafaɗa daga ƙasa.

A ɓangaren damtse za a ba ka zaɓin doguwar sandar ƙarfe da ake zurawa cikin ramin ɓargo, gajera, ko marar sanda, wanda ya fito a Faransa a 2004. Marar sandan yana barin ƙashi mai yawa don gaba, amma sai ƙashi mai ƙwari. Likita yakan danna babban yatsa a wurin da ya yanke, in ya lotsa sai ya canza shawara nan take. Don haka ka tambaya ko mai sanda zai kasance a ajiye a ɗakin, kuma ko kuɗinsa yana cikin lissafi.

Masu sikila nasu daban ne, kuma ba su da kaɗan a wajenmu. Jini yakan yanke wa kan damtse ya mutu ya rufta tun mutum yana saurayi, alhali gurbin bai lalace ba. A nan ana iya canza ƙwallon kaɗai, babu faifan da zai saki, ko da yake ƙarfen zai riƙa cin gurbin a hankali. Ramin ɓargonsu kuma yakan toshe ya yi tauri, zura doguwar sanda ya zama haɗari. Haka wanda tsohuwar karaya ta haɗe a karkace bayan ɗori.

Idan aka haɗa dukkan nau'o'in, kamar tara cikin goma suna kaiwa shekara goma ba a sake taɓa su ba. Siririn baƙin layi da kan bayyana a hoto tsakanin siminti da ƙashi ba lallai saki ba ne, abin dubawa shi ne ko yana faɗi daga shekara zuwa shekara. Wadda ta saki da wuri kuwa a zargi ƙwayar cuta. Akwai wata mai suna Cutibacterium acnes da ke zaune a fatar kafaɗa, musamman ta maza, ba kasafai take kawo zazzaɓi ko ruwa ba, sai ciwo da taurin gaɓa, kuma takan ɗauki har mako biyu kafin ta fito a gwaji.

Wanda za a yi wa aikin a waje ya fara samun likitan ƙashi a gida, a Dala ta Kano ko wani asibitin koyarwa, wanda zai riƙa duba shi bayan ya dawo. Kada ya baro can sai da hoton farko na bayan tiyata da takardar da ke ɗauke da sunan kamfani, samfuri da girman kowane ɓangare, domin kayan wani kamfani ba sa shiga na wani in gyara ya taso. Ta kawu tana cikin jakar da yake ajiye takardun gida, tare da hotuna uku, na kowace shekara ɗaya.