Kafin ka sayi giyar ƙarfe mai miƙaƙƙen haƙori a Sakkwato

Duk mai injin matsar man gyaɗa, ko na lanƙwasa ƙarfe, ko injin tana (mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi) a garin nan ya san irin ranar: ana tsakiyar aiki sai ƙarar inji ta canza, ka buɗe ka tarar haƙori biyu sun fita daga giya. Abin da akasarinmu ke yi shi ne a naɗe matacciyar a leda a nufi Buzaye ko wajen 'yan gwangwan. A ɗora wata a kanta, in faɗi ya yi kama sai mai kaya ya ce, "Wagga ita ta, Alhaji," a biya a tafi. Ba da jimawa ba sabuwar ta cinye abokiyar zamanta, asarar ta zama biyu. Wannan yana damuna, domin awo na minti biyar zai hana shi.

Giyar da nake magana a kai ita ce mai miƙaƙƙun haƙora, waɗanda suka bi tsawon shaf ba tare da karkata ba. Ta fi kowace sauƙin yankawa da ɗaurawa, kuma ba ta tura shaf gefe kamar mai karkataccen haƙori, saboda haka ba ta wahalar da boris. Aibinta ƙara ce idan gudu ya yi yawa.

Abu na farko shi ne girman haƙori, wanda ake kira modul. Giya biyu ba za su zauna lafiya ba sai modul ɗinsu ya zo ɗaya, ko da a ido sun yi kama da Hassan da Husaini. Ka ƙirga haƙora, ka ƙara 2, sannan ka auna faɗin giyar daga bakin haƙori zuwa bakin na ɗaya gefen da kalifa (ma'aunin faɗi mai baki biyu), a milimita, ka raba. Giya mai haƙori 40 da faɗinta ya ba da milimita 84, ka raba 84 da 42, ka sami modul 2. Idan kuwa ta ba da 88.9, amsa za ta fito 2.117, kuma wannan ba kuskuren awo ba ne: giyar ma'aunin inci ce, DP 12 (DP shi ne lambar girman haƙori a lissafin inci), irin wadda ake samu a tsofaffin injinan Ingila da Amurka. Nan ne mutane suka fi faɗawa rami. DP 12 da modul 2 suna shiga juna in ka gwada da hannu, haka DP 10 da modul 2.5, har su juya kamar ba komai. Sai an sa musu nauyi su fara cin juna. In giyarka ta sha aiki ko haƙoranta mara ne, awon zai ɗan gaza, sai ka ɗauki lambar da ta fi kusa.

Akwai kuma kusurwar jikin haƙori. Giyoyin yanzu kusan duk digiri 20 ne, amma tsofaffi da yawa 14.5 ne, kuma ba a haɗa su ko da modul ya zo ɗaya. Ido ba ya raba su da sauƙi. Shi ya sa in injinka tsoho ne kuma babu takardarsa, shawarata ka sauya biyun tare. Kafin haka ka auna tazarar tsakiyar shaf biyu: haɗa haƙoran biyun, ninka da modul, raba biyu. Mai 20 da mai 40 a modul 2 suna son tazarar milimita 60 cif. Ƙaramar giya kuma kada ta gaza haƙori 17 a digiri 20, domin ƙasa da haka gindin haƙori yana rarakewa wurin yanka ya yi rauni, sai dai in masana'anta ta yi masa gyara na musamman.

Sai maganar ƙarfe, inda na fi son a tsaya. Mutanenmu suna da ra'ayin cewa mafi tauri ita ce mafi kyau. Ba kullum ba.

Ƙarfe mai laushi, irin wanda masu walda ke aiki da shi, gawayin da ke cikinsa, wato sinadarin kabon, bai wuce kashi 0.25 cikin ɗari ba. Yana yankuwa da daɗi, yana da araha, amma ba ya karɓar ruwa: ko ka gasa shi ya yi ja ka tsoma, ba zai yi taurin kirki ba. Maƙeran Assada sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa ba kowane ƙarfe suke ɗauka su yi wuƙa da shi ba. Ya isa ga injin da ake juyawa da hannu ko mai aiki jefi-jefi. A inji mai kwana yana juyi, haƙoransa za su sirance.

Wanda nake ba yawancin masu bita shawara shi ne mai matsakaicin gawayi, kashi 0.45 cikin ɗari. Za ka gan shi da suna C45, ko S45C a kayan Japan, ko 1045 a na Amurka, kuma EN8 ɗan'uwansa ne na kusa. Daɗinsa shi ne mai tana zai iya faɗaɗa ramin tsakiya ya yanka gurbin ki (ɗan ƙarfen da ke kulle giya da shaf) ba tare da wahala ba, kuma ana iya taurara haƙoran kaɗai a bar cibiyar da laushinta. In za ka yi oda, irin wannan ka nema: haƙora masu tauri, tsakiya mai laushi, rami ƙarami wanda za a buɗe daidai da shaf ɗinka.

Idan injin yana shan duka, kamar na lanƙwasa rodi ko na matsa, inda nauyi ke faɗowa farat ɗaya, ka hau zuwa 42CrMo4, wanda ake kira 4140 ko EN19. Yana jure girgiza fiye da C45, kuma kuɗinsa ya fi. Sama da shi akwai masu taurin fata irin 20MnCr5 da 8620, da samansu ke kaiwa 58 zuwa 62 a ma'aunin tauri na Rokwel alhali cikinsu na da danƙo. Su ne a akwatin giyar mota da babur. Sun fi kowa daɗewa, amma fa in ramin bai yi daidai ba ka sayi wahala, don bakin tana na yau da kullum ba ya cizon fatar, walda kuma tana kashe taurin ta jawo tsagewa.

Farin ƙarfe mara tsatsa, mai lamba 303 ko 304, yana jan ido, sai dai bai kai C45 da aka taurara juriya ba. A wurin da ruwa ko abinci ke taɓa giya ne yake da amfani. A busasshen gari irin namu tsatsa ba ita ce babbar abokiyar gaba ba.

Ka tafi kasuwa da magagari a aljihu. Goga shi a gefen haƙori: in ya ci, ƙarfen mai laushi ne, in ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, an taurara. Ka kuma tuna ƙaramar giya ta fi babbar yawan juyi, don haka ita ya kamata ta fi tauri. Wasu injinan tana ma da gangan aka sa musu giya ɗaya ta roba ko ta zubi, domin in aiki ya cije ita ta karye a tsira da sauran. Kada ka musanya ta da ƙarfe mai tauri kana ganin ka yi gyara.

Ta ina za a samo? Kayan gwangwan da na Beljiyam sun fi araha, ƙarfensu kuma sau da yawa nagari ne. Giyoyin babur miƙaƙƙu ne, na mota kuwa galibi karkatattu ne ban da na ribas. Matsalarsu ramin tsakiya mai tsaga-tsaga, don haka in za ka ɗauka ka ɗauki biyun tare da shaf ɗinsu. Ka duba fuskar haƙori a rana, in ka ga ƙananan ramuka kamar zanzana, ta gaji, bar ta. Wanda bai samu a nan ba yakan aika Ƙofar Ruwa a Kano. Sabuwa ta oda ita ce mafi tabbas, in dai ka rubuta wa mai kawowa komai: modul, yawan haƙori, digiri, kauri, rami da lambar ƙarfe. Kaurin da aka saba shi ne kusan ninki 10 na modul. Hanya ta uku a yanka maka a gida. Wannan na yi wa injin da ba ya gudu sosai, amma ka tambayi mai yankan wace wuƙa zai sa, domin kowane modul yana da wuƙaƙe 8, kowace da iyakar yawan haƙoran da take fitarwa daidai. Wanda yake da guda ɗaya yana yanka komai da ita, giyarsa za ta yi kuka.

Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Umaru Ali Shinkafi masu haɗa mutum-mutumi lissafinsu daban ne. Nauyin da suke ɗauka kaɗan ne, abin da ke kayar da su shi ne wasan da ke tsakanin haƙora. Motar NEMA 17, wato ƙaramin injin lantarki mai juya shaf taku-taku, tana taku 200 a zagaye ɗaya, kowane digiri 1.8, amma duk wannan daidaito banza ne in giya na lilo. Wasan milimita 0.1 a giyar da rabin faɗinta milimita 20 ne zai zama 1.5 a ƙarshen hannu mai tsawon 300. Modul 0.5 zuwa 1 ya ishe ku. Ku sa ƙaramar ta ƙarfe, babbar ta roba mai tauri da ake kira asital, za ku rage nauyi da ƙara. Shaf ɗin motar milimita 5 ne, ku nemi mai gefe ɗaya a shafe don kusar ɗauri ta sami wurin kamawa. Giyar da aka buga a na'urar 3D da robar PLA kuwa tana fara laushi wajen digiri 60 na Salshiyas, zafin da cikin mota a rufe ke iya kaiwa a watan Afrilu.

Kowace ka zaɓa, ka ware kuɗin murfi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, in ta haɗu da giris a buɗaɗɗiyar giya sai ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta ci har mai taurin fata. Ɗan falle ɗaya na kwano da mai walda zai lanƙwasa maka ya isa. A wanke tsohon giris da kananzir kafin a shafa sabo, kuma lokacin ɗauri a zura siririyar takarda tsakanin haƙoran: ta fito a lanƙwashe ba a yage ba.